Ba Kowace Doguwar Bindiga Ce AK-47 Ba

Ina cikin shekarata ta biyu a aikin jarida aka tura ni wajen holen wasu mutane da ake zargi da fashi. An zaunar da samari a ƙasa da ankwa a hannu, an jera bindigogi bakwai a gabansu, an zuba harsasai a cikin wani tsohon kwano. Jami'in da ya yi mana bayani ya ce an ƙwato "muggan makamai". Na dubi abin da ke ƙasa, na ga duk dogaye ne, duk da katako a gindi, na koma ofis na rubuta cewa an kama AK-47 guda bakwai. Edita bai ce uffan ba. Labari ya fita da hotonsa.

Washegari da la'asar wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya tun ina firamare, ya aika aka kira ni. Na same shi da jaridar a kan cinya. Ya ce, "Ɗana, kai ka ƙirga waɗannan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ɗora yatsa a kan hoton. "Biyu ne AK. Ukun nan aikin maƙera ne. Biyun nan na gefe kuwa, dubi ɗan hannun da ya fito musu ta dama. Mark 4 ke nan, irin wadda na saɓa tun kafin a haife ka. Ba a tallanta a kasuwa. Ka tambaye su daga ma'ajiyar wa ta fito?" Ban tambaya ba, domin ban san akwai abin tambaya ba. Ainihin labarin yana kwance a gabana a kan siminti, na tsallake shi na wuce.

Tun daga ranar nake riƙe da wannan ra'ayi, kuma yau zan faɗe shi ba kara. Mu da muka yi boko, 'yan jarida da lauyoyi da likitoci da 'yan majalisa da malaman jami'a, mun shafe fiye da shekara goma muna muhawara a kan bindiga ba tare da mun san yadda take aiki ba. Muna iya bambance Corolla da Camry daga nesa, muna iya jayayya a kan wayar da ta fi wata kyamara, amma abin da ya tayar da garuruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, kalma ɗaya tak muke da ita a kansa. Wasu ma suna ɗaukar wannan jahilci a matsayin kamun kai, wai mutumin kirki ba ya sanin irin waɗannan abubuwa. Ni kuwa ina ganin sakaci ne, kuma akwai masu cin ribarsa. Hanya mafi sauƙi ta fita daga cikinsa ita ce a fara da tsohuwar bindigar soja, wadda komai nata a fili yake, hannu ne ke yin kowane motsi ido yana gani.

Ƙofa da sakatarta

Ɗauki bututun bindiga a matsayin ɗaki mai ƙofa biyu. Ta gaba a buɗe take, ta nan ƙwayar harsashi za ta fita. Ta baya kuwa tana fuskantar idon mai harbi. A bindigar toka ta maharbanmu babu ƙofar baya, toshe take har abada, shi ya sa ake ɗura albarushi da dalma ta baki a danna da sanda, shi ya sa kuma aka yi mata laƙabin harba-ka-ruga. Duk ci gaban da aka samu a ƙarni na 19 ya ta'allaƙa ne a kan tambaya ɗaya: ta yaya za a buɗe ƙofar baya a sa harsashi cikin sauri, sannan a kulle ta yadda ba za ta fashe a fuskar mai harbi ba? Matsin da ke tasowa a lokacin harbin harsashin .303 ya wuce nauyin tan 3 a kan kowane murabba'in santimita, kuma yadda yake tura ƙwaya gaba haka yake tura kwanso baya.

Amsar da ta yi nasara ita ce sakata, kuma sunan ya dace da ita, domin kamanninta da aikinta irin na sakatar ƙofa ne: sandar ƙarfe mai ɗan hannu a gefe, ana zura ta a murɗa. Sojojin Furusiya ne suka fara karɓar irin wannan tsari a 1841 da bindigar Dreyse. A jikin sakatar akwai haƙoran ƙarfe da ke shiga gurbinsu a jikin bindiga idan an murɗa hannun ƙasa. Su ne ke ɗaukar duk wancan matsi. A cikinta akwai allura da sifirin. A bakinta akwai 'yar ƙugiya mai kama gindin kwanso.

Motsi huɗu ne ke tsakanin harbi da harbi. Mai harbi ya ɗaga hannun sakata, haƙora su fita daga gurbinsu. Ya ja baya, ƙugiya ta fizgo kwanson da aka harba, wani ɗan ƙarfe ya tunkuɗe shi waje. Ya tura gaba, bakin sakata ya kwashi harsashin da ke sama a gidan harsasai ya kai shi makwancinsa a cikin bututu. Ya murɗa ƙasa, haƙora su sake kullewa. Sai an yi waɗannan huɗun sannan kunama ke da amfani: idan an ja ta, ta saki allura, allura ta daki 'yar cibiyar da ke gindin kwanso, wuta ta kama albarushi. Mai karatu ya riƙe wannan: a irin wannan bindiga, kowane harbi guda yana bin ɗan Adam bashin motsi huɗu.

Manyan ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban wajen tsara sakatar, kuma kowace hanya tana da ribarta da hasararta. Jamusawa, a bindigar Mauser ta 1898, sun sa manyan haƙora biyu a gaba, dab da gindin harsashi, suka ƙara na uku a baya don ko-ta-kwana. Wannan ya sa ta yi ƙarfi ƙwarai, har yawancin bindigogin farautar manyan namun daji na yau jikokinta ne. Amurka ma da ta ƙera Springfield ta 1903 sai da ta biya kamfanin Mauser kuɗin haƙƙin ƙira. Amma ana ɗaga hannunta digiri 90, kuma a wannan ɗagawar ce ake ɗana allura, don haka motsin farko yana da nauyi. Turawan Ingila, a Lee-Enfield, sun mayar da haƙoran baya. Tafiyar sakata ta gajarta, ɗagawar hannu ta koma digiri 60, hannun ya zauna dab da kunama, ɗana allura kuma ya koma lokacin turawa gaba, inda ƙarfin damtse ya fi yawa. Sakamakon haka ta fi sauran sauri, duk da cewa ba ta kai Mauser jure matsi ba. Ita ce Mark 4 ɗin da Baba ya gane: samfuri na 4 na wannan zuriya, wanda ya shiga hannun sojoji a 1941.

Gidan harsasai, da tambayar amana

Sakata mai sauri ba ta da amfani idan sai an laluba aljihu an ɗauko harsashi bayan kowane harbi. Nan gidan harsasai, wanda sojoji ke ce wa magazin, ya shigo. A zahiri akwati ne mai sifirin a ƙasa da ɗan faranti a samansa. Sifirin yana tura harsasai sama, leɓɓan akwatin suna riƙe na sama har sakata ta zo ta kwashe shi. Sauƙin bayaninsa kada ya ruɗe ka, an sha wuya kafin a kai ga haka.

Faransawa, waɗanda suka riga kowa samun albarushi marar hayaƙi a 1884, sun jera harsasai takwas a cikin wani bututu a ƙarƙashin bindigar Lebel ta 1886, bakin wannan a gindin wancan. Ɗurawa ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma da aka koma harsashi mai tsini sai da suka yi tsagi a gindin kwanso don kada tsinin na baya ya daki cibiyar na gaba. James Paris Lee ya yi rajistar akwatin da ake cirewa a 1879, inda harsasai ke kwance ɗaya a kan ɗaya. Mannlicher na Ostiriya ya fito da maƙalin ƙarfe da ake zurawa gaba ɗaya da harsasansa. Irinsa ne a Carcano ta Italiya ta 1891, mai cin shida, inda maƙalin ke faɗowa ta ƙasa idan harsasai sun ƙare. Mauser kuma ya kawo maƙalin da ake dafawa a bakin akwati, a danna harsasai biyar da babban yatsa, a yar da shi. Turawan Ingila ba su karɓi wannan dabara ba sai da Buwa suka gasa musu aya a hannu da Mauser a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902. Daga nan Lee-Enfield, wadda dama goma take ci, ta koma ɗuri da maƙali biyu na biyar-biyar, alhali Mauser da Mosin-Nagant ta Rasha ta 1891 da MAS-36 ta Faransa duk biyar suke ci.

Siffar harsashi ma tana da hukunci. Kwanson .303 yana da leɓe a gindi wanda ya fi jikinsa faɗi. Idan leɓen harsashin sama ya faɗa bayan leɓen na ƙasa, sakata za ta tura ta ji ta cije, shi ya sa ake koya wa soja yadda zai jera su a maƙali. Rashawa ma harsashinsu mai leɓe ne, sai suka sa wa Mosin-Nagant wani ɗan ƙarfe da ke danne sauran yana sakin ɗaya kawai. Jamusawa sun huta da wannan ciwon kai tun farko, domin kwansonsu ba shi da leɓe, tsagi ne a gindinsa.

Akwai wani ɗan ƙarfe a tsofaffin Lee-Enfield da ya fi komai bayyana tunanin masu mulki. Faifai ne da ake turawa ya rufe bakin gidan harsasai, ya tilasta wa soja ɗura ɗaya-ɗaya, goman da ke ciki kuwa sai hafsa ya ba da izini. Samfuran farko ma da sarƙa aka ɗaure akwatin a jikin bindiga don kada soja ya ɓatar. Manyan hafsoshi suna tsoron ɓarnar harsashi, kuma ba su amince da hankalin ƙaramin soja ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sa aka daina saka faifan a bindigogin da ake ƙerawa cikin gaggawa. Yawan abin da gidan harsasai ke ci, da wanda aka yarda ya riƙe shi, tun asali shawara ce ta siyasa.

Waɗanda suka ci mu da yaƙi sun san bambancin

Wanda ya ce wannan duk surutun makanikai ne, ya koma ga Yarjejeniyar Burusel ta 1890. Ƙasashen Turai sun shata yanki daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, wanda ya haɗiye ƙasar Hausa baki ɗaya, suka hana sayar wa mutanen cikinsa bindigogin zamani masu ɗuri ta baya. Abin da suka bari a sayar shi ne bindigar ƙyastu marar tsagi a bututu da albarushin kasuwa. Ba su ce "muggan makamai" ba. Sun ja layi daidai a kan ƙofar baya. Bayan shekara 13, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ba jarumta aka fi kakanninmu ba. Mai ɗuri ta baki ne da mai takobi suka fuskanci mai ɗuri ta baya da Maxim mai jigida. Bayan shekara 40 kuma 'ya'yansu da jikokinsu ne suka saɓi Lee-Enfield zuwa yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kamar yadda MAS-36 ta shiga hannun sojojin da Faransa ta ɗiba a ƙasashen da ta mallaka. Bindigogin nan suna cikin tarihinmu tsundum, mu ne muka ƙi karanta wannan babin.

Dokarmu ma ta san bambancin. Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sanda ke da hurumi a kansu. Bindigogin farauta na ƙashin kai, sai da lasisin Sufeto Janar. Sai haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu, kuma a jerinsu an ambaci bindigogin soja da awon bakinsu, har da milimita 7.62 da inci .303. Ke nan Mark 4 da AK-47 aji ɗaya suke a idon doka, bindigar maharbi kuma tana can wani aji. Ɗan jaridar da ya cakuɗa su ya cakuɗa laifuffuka daban-daban. Lauyan da bai san bambancin ba zai bari a tuhumi manomi mai harba-ka-ruga da tuhumar ɗan ta'adda. A 2017, lokacin da jami'an kwastan suka kama bindigogi 661 a Legas a watan Janairu, suka sake kama wasu ɗaruruwa a watannin da suka biyo baya, irin waɗanda ake kira fam-akshin ne, masu watsa ƙananan ƙwayoyi a gajeren zango. Masu haɗari ne, babu shakka, amma labarinsu da hanyar shigowarsu da masu sayensu daban suke da na bindigar yaƙi, kuma mai sauraron rediyo ya cancanci a faɗa masa haka.

Tsohuwar zuma

Yanzu ga inda maganar ta fi zafi. Tun da gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'a a watan Yunin 2022 su nemi lasisin bindiga don kare kai, kuma gwamnonin Ondo da Binuwai suka nemi a bar dakarun jihohinsu su riƙe AK-47, ake ta cacar baki a kan me za a ba wa masu gadin ƙauyuka. Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. A zaman hira, har daga bakin masu digiri, na sha jin ana cewa a buɗe ma'ajiyai a fito da tsofaffin bindigogin da ke kwance a raba wa 'yan sa-kai, ai tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma ba a ƙara yin bindiga mai ƙarfin ta da ba.

Zan ba su abin da yake nasu. Harsashin .303 ya fi na AK nauyi, giram 11 da ɗoriya a kan giram 8, ya kuma fi shi nisan zango. Mayaƙan Afganistan sun wahalar da sojojin Sobiyet da Lee-Enfield daga kan duwatsu a farkon shekarun 1980. Dakarun sintirin arewacin Kanada sun riƙe ta tun 1947, ba a fara sauya musu ita ba sai bayan shekara 70, domin sanyin ƙanƙara ba ya hana sakata aiki. Duk gaskiya ne.

Amma a koma ga lissafin motsi huɗu. Sojan Ingila na kafin 1914, wanda aikinsa ke nan shekara da shekaru, ana neman ya sauke harbi 15 masu saiti a minti ɗaya a nisan yadi 300, kuma ana ganin wannan a matsayin gwaninta. Shi ne abin da aka yi ta ba da labarinsa bayan gumurzun Mons na watan Agustan 1914. AK-47 kuwa ita ma sakata mai murɗawa gare ta, mai haƙora biyu, sai dai an ƙwace aikin daga hannun mutum an ba wa iskar harbi: ana satar kaɗan daga cikinta ta wata 'yar huda a bututu, ta tura sanda baya, sanda ta buɗe sakata, sifirin ya dawo da ita da sabon harsashi. Motsi huɗun suna nan, amma suna faruwa sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Gidan harsasanta mai cin 30 yana ƙarewa cikin daƙiƙa 3, a cire shi a maƙala wani. Nisan zango yana amfanar gwanin harbi da ke kan dutse da rana yana hango abokin gaba. Harin da ake kai wa ƙauyukanmu da dare yake zuwa, a kan babura, a tazarar jifa.

Indiya ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. Daren 26 ga Nuwamba 2008, mutum biyu ɗauke da AK suka shiga babbar tashar jirgin ƙasa ta Mumbai suka kashe fiye da mutum 50, alhali 'yan sandan da ke wurin, waɗanda ma ke da makami a cikinsu, yawanci .303 ce a hannunsu. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh ba su yi bankwana da ita ba sai ranar 26 ga Janairu 2020.

Ga kuma abin da masu son tsohuwar zuma ba sa faɗa. Kowace sakata ana daidaita ta ne da bindigarta, shi ya sa ake buga lamba ɗaya a jikin bindiga da hannun sakata, shi ya sa kuma Mark 4 ke da kawunan sakata masu lamba 0 zuwa 3 don cike ratar da tsufa ke buɗewa. Bindigar da ta yi shekara 80 tana yawo tsakanin ma'ajiyai, aka musanya mata sakata, tana iya barin rata a bayan kwanso, kwanso ya tsage, iska mai zafi ta nufo fuskar mai harbi. Tsohon harsashi yana iya yin shiru bayan an ja kunama, ya tashi bayan an buɗe sakata. Sifirin gidan harsasai yana gajiya, leɓɓansa suna lanƙwashewa. Wanda zai miƙa wa ɗan talaka irin wannan, ba tare da maƙerin soja ya auna ta ba, ba tare da horo ba, ya ce masa je ka tare masu AK, bai ba shi kariya ba, ya dai samar wa kansa hoton da zai nuna a taron manema labarai. Kuma kada a fahimce ni a karkace: ban ce a raba AK a ƙauyuka ba. Bindiga ta fi rikicin da aka sayo ta dominsa tsawon rai. Mark 4 ɗin da ke kan simintin nan ta shaida haka. Cewa nake duk wanda zai yi wannan muhawara, ko ta wane ɓangare, ya yi ta da sanin abin da yake magana a kai.

"Kana koya wa ɓarayi"

Na san za a ce haka, an ma taɓa ce mini. Amsata gajera ce. Yaron da ke daji da bindiga a wuya yana kwance ta ya haɗa a cikin duhu, bai jira wasiƙata ba. Abin da na bayyana a nan yana cikin littattafan tarihi da gidajen adana kayan tarihi tun kafin a haifi iyayenmu, kuma ba ya ƙera ko ƙusa. Waɗanda ba su sani ba su ne mu: mai rubuta labari, mai gabatar da ƙara, mai amincewa da kasafin kuɗin tsaro, mai jefa ƙuri'a. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhun ne bindiga ke fita daga ma'ajiya ta koma daji, a ƙwato ta, a yi holinta, ta sake ɓacewa, ba wanda ya rubuta lambarta.

Ƙarfe kuwa ba ya ƙarya. Kwanson AK tsawonsa milimita 39 ne, ba leɓe. Na FN da G3 milimita 51, kuma G3 tana barin zane-zane a tsaye a jikin kwansonta. Na .303 milimita 56 ne, da leɓe. Na bindiga mai jigida ta PKM milimita 54 ne, da leɓe, domin har yau harsashin Mosin-Nagant na 1891 take ci. A gindin kwanson soja akan buga alamar masana'anta da shekarar ƙira. Allura da ƙugiyar kowace sakata suna barin tabonsu na musamman. Da irin waɗannan alamomi ne ƙungiyar Conflict Armament Research ta bi sawun makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara a rahotonta na 2020, ta gano wasu sun fito daga rumbunan gwamnatocin wasu ƙasashen yankin. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta sa alama da ajiye rajista. Cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai tana nan tun 2021. Kayan aikin tambaya suna nan, masu tambayar ne babu.

Don haka ga buƙatuna. Editoci su daina karɓar "muggan makamai" a matsayin bayani. A rubuta iri da adadi, idan ba a tabbatar ba a ce bindigogi kawai, kada a laƙaba musu suna. Wakilin da ya je wurin da aka kai hari ya ɗauki hoton kwansayen da ke ƙasa, har da gindinsu, ba tare da ya taɓa su ba, domin shaida ce. Hukumomin tsaro su riƙa fitar da jerin abin da suka ƙwato tare da lambobinsa, su kuma faɗi inda ya kwana bayan an tashi daga holi. 'Yan majalisar jihohin da ke kafa dakaru su tambayi wace bindiga aka saya, wa ya auna ta, harbi nawa kowane ɗan sa-kai ya yi a wajen horo kafin a tura shi daji. Sassan koyar da aikin jarida, irin wanda na fito daga cikinsa, su ware ko darasi ɗaya ne a kan wannan. Mun yi zango guda muna haddace ra'ayoyin masana sadarwa na Amurka, ba a taɓa nuna mana kwanso ba.

Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa gano daga ma'ajiyar wa bindigogin nan biyu suka fito ba, domin lokacin da na koma tambaya an ce mini an riga an kwashe kayan shaida. Tun daga lokacin, duk holin da na je, nakan bar masu kyamara su yi ta ɗaukar fuskokin samari, ni kuma in durƙusa in dubi gefen dama na kowace bindiga, in nemi izinin kwafe lambar da ke jikinta. Sau da yawa ana hana ni. Nakan rubuta a labarin cewa na nema an hana.